Muryar Kang Sarbini

Shekara ashirin da shida ina maƙwabtaka da Yu Partinah (Yu a wurinmu Yaya ke nan ga mace, Kang ga namiji), ban taɓa jin wani abu nata ya ɓata ba. Sacewa ake yi. Takalmi ya shige ƙarƙashin benci, an sace. Kazarta ta kwana a gidan wani, ja ta aka yi da hatsi. Tempe take yi, wato curin waken soya, ta naɗe a ganyen ayaba ta kai kasuwa, kuma tempenta ya fi na kowa daɗi a ƙauyen nan. Da ba don haka ba, da tuni mun daina gaisawa.

Mijinta, Kang Sarbini, shi ne ladanin ƙaramin masallacinmu, bawan Allah da bai taɓa zargin ko sauro ba. Da ya rasu, abu ɗaya ya rage na muryarsa. Ɗan ƙanensa Wagiman, mai aiki a tsibirin Batam, ya taɓa ɗaukarsa a waya yana rera yabon Annabi a baranda. Ya ɗora a intanet, ya turo wa Yu Partinah wani shuɗin rubutu da ake latsawa a tablet ɗin da 'yarta ta saya mata. Kullum bayan la'asar sai ta rufe ƙofa, ta latsa rubutun, ta latsa kibiyar saukewa, ta saurara ita kaɗai.

Saura kwana uku a yi addu'ar cikarsa kwana dubu da rasuwa, an sayi akuya, an gayyaci unguwa, ta kuma ce za ta sa muryar a lasifika kafin a fara tahlili, sai rubutun ya daina buɗewa. Aka kira Wagiman. Ya ce wurin ajiyarsa ne ya cika, ya share tsofaffin kaya, bai san har da wannan ba. Wayar da ya yi ɗaukar da ita kuwa ta daɗe da faɗawa teku.

Ai kuwa Yu Partinah ta fara lissafa ɓarayi. Wagiman sayarwa ya yi. Sabon ladan baƙin ciki yake, don muryarsa ba ta kama ƙafar ta marigayi ba. Da rana ta biyu zargin ya iso kaina. Ta shigo gidana ko sallama babu, rungume da tablet a cikin zani.

“Dik Lastri, ke kika riƙe shi ranar Talata.” Dik, wato ƙanwa, haka take kirana.

“Hoton jikarki kika nuna mini, Yu.”

“Kin daɗe kina kallo. Jikar ƙafa huɗu gare ta?”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, “In saci muryar mijinki in kai ina? In zuba a miya?”

“Ku da kuka yi aikin ofis, wa ya san abin da kuka iya.”

Na so in nuna mata ƙofa, sai na ga idonta ya faɗa kamar ba ta runtsa ba. Na ce ta miƙo. Ta ƙi saki. Haka muka zauna, ita riƙe da gefe ɗaya, ni da ɗaya.

Na tambaye ta yadda take yi. Ta ce ta latsa kibiya, tablet ya tambaye ta ko ya sake saukewa, ta ce e. Kullum? Kullum mana. Na buɗe wurin fayil, na shiga foldar abubuwan da aka sauke. Ban san sanda dariya ta kufce mini ba. Suna ɗaya ne jere reras, kowanne da lambarsa a gefe. Na yi ta ja ƙasa har yatsana ya gaji. Ɗari shida da goma sha huɗu.

“Yu, ga mijinki nan, har ya cika miki gida. Duk ranar da kika latsa, ajiyewa yake.”

Ta matso da fuska, ta ƙanƙance ido. “Wanne ne nasa?”

“Duka nasa ne.”

“Kada ki raina mini hankali. Sau ɗaya ya rera. Sauran wa ya zuba su?”

“Ke kika zuba su! Bari in kwafi ɗaya a wayata, in tura wa 'yarki ɗaya, sai mu goge sauran.”

Ta buge mini hannu. “Taɓa ɗaya ki gani. Sa mu ji tukuna.”

Na latsa na farko. Muryar Kang Sarbini ta cika ɗakin, da 'yar shaƙewar nan tata. Sai da tsigar jikina ta tashi. Ya rera, ya yi tari, ya ci gaba. Dab da ƙarshe sai ya tsaya, ya ɗaga murya ya kira matarsa: “Tinah, fito mana ki zauna kusa da ni.” Ya ɗan jira. Aka ji ƙarar kwanuka daga ciki, sannan abin ya yanke.

Yu Partinah ta zuba wa tablet ɗin ido.

“Ban fito ba ranar,” in ji ta. “Na tsare ƙofar kicin. Ban yarda da yaron nan Wagiman ba, kada ya ɗauke mini wani abu.”

Ta goge hanci da bakin zaninta, ta turo mini tablet ɗin gaba ɗaya, ta ɗauke hannunta.

“Sa na biyu, Dik.”