Sammaci a Cikin Takaba

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ranar da Innarmu ta fita daga gida da kayan takaba a jikinta ba.

Babanmu baduku ne a Birni, ya rasu gab da faɗuwar damina. Abin da ya bar mana gida ne da gona guda a wajen Gaffati, kuma gonar nan ita ke ci da mu. Akwai wani mutum da Baba ya ara wa gefenta shekara da shekaru, duk kaka yana kawo damin gero don a san ba tasa ba ce. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, sai ga ma'aikacin jastis, wato kotu, a ƙofar gida da sammaci. Wai mutumin nan ne ya kai ƙarar Inna, gonar kaf gadon kakansa ce. Ka ji rashin ta-ido!

Ƙanin Baba ne ya karɓi takardar a zaure. Ya ce a ajiye, wace kotu ce za ta kira mai takaba, ai alƙalin ma musulmi ne. Dattawan unguwa suka ce haka ne. Ni da na yi lakwal, wato boko, na karanta, na ce akwai ranar zama a ciki, aka ce in ja bakina in yi shiru, ba da ni ake ba. Sammaci na biyu ya zo, shi ma aka tura shi ƙarƙashin katifa. Yanzu in na tuna sai haushi ya kama ni: wa muke zaton zai gaya wa alƙali tana takaba? Mai ƙarar?

Da aka yi ruwan shuka, ƙanin Baba ya tafi gona da iri. Ya tarar mutumin ya shuke ta tas, yana kaɗa masa takardar hukunci. An kira, ba mu amsa ba, alƙali ya saurari ɓangare ɗaya ya yanke.

Na ruga jastis. Wata magatakarda ta ce da ma mun aiko wani da uzuri tun farko, da an ɗaga zaman. Yanzu kuwa ana iya neman a sake shari'ar, amma kwanakin da doka ta bayar sun kusa ƙarewa, kuma ko dai lauya, ko Inna da kanta. Lauya kuwa ba namu ba ne.

Inna ta ce ba inda za ta. Liman ya zo har gida, ya yi mata bayani ta bayan labule cewa larura ta halatta fitar rana, muddin za ta kwana a ɗakinta. Ta yi masa godiya, ta ci gaba da jan carbi. Wallahi a kwanakin nan in na kalli ƙannena sai in tuna gonar nan kaɗai ke ci da mu. Ana gobe wa'adi zai cika, na kasa daurewa.

"Inna, in kin gama takabar, me za mu ci?"

Ta ce, "Tun da Malam, babanku, ya kawo ni gidan nan ban taɓa fita ba sai da izininsa. Yau da ba shi da bakin hanawa zan fita?"

Na koma ɗaki na yi kuka. Da safe sai na tarar da ita tsaye a zaure, ta lulluɓa, takalmi a ƙafa.

Ta ƙi hawa babur ɗin kabu-kabu, ta ce ba za ta zauna bayan namiji ba. A ƙafa muka ratsa lungunan Birni, rairayi na jan ƙafarta, mata na leƙe ta kan katanga. Na ji wata tana cewa ai ba ta fita takaba ba. Ina riƙe da hannun Inna har muka isa.

Alƙalin ya tambayi abin da ya hana ta zuwa, ta faɗa cikin kalma biyu. Ya yi mata ta'aziyya, ya ce ba wanda ya sanar da shi. Aka sake shari'ar bayan ta fita takaba, maƙwabtan gona suka shaida damin da ake kawowa, gona ta dawo. Amma geron shekarar na wanda ya shuka ne. Da gonarmu, a tiya muka riƙa awon hatsi a kasuwa har wata kakar.

Inna kuwa, ranar da takabarta ta cika ba ta yi wankan fita ba. Sai da ta ƙara kwana ɗaya, ba wanda ya sa ta, ta ce tana biyan Malam ranarsa.

Tun daga nan na san kotu ba ta ganin abin da ke bayan katanga. In an kira ka, amsa, ko ka aika a faɗi uzurinka. Da mun yi haka, da Inna ba ta taka ƙofar gida ba.