Gangar Baba a Cikin Kwamfutar Gwanjo

Akwai abubuwa da yawa da suka wuce a rayuwata waɗanda sai an tuna mini nake tunawa, amma ban da daminar da muka ɗora kwamfuta a kan amalanken shanu muka shiga gona da ita. Wannan kam ko tsufa ya cinye ni ba na jin za ta fita daga raina. Jikokina idan na ba su labarin dariya suke yi, suna zaton ƙari nake. Ni kuwa har yau idan hadari ya haɗo daga gabas sai in ji yatsuna suna motsi su kaɗai.

Mahaifina makaɗin noma ne a wani ƙauye cikin ƙasar Roni. Idan an kira gayya, wato jama'a sun taru su yi wa mutum ɗaya huɗa, shi ne yake rataya ganga ya bi bayan manoma. Kowane magidanci a garin yana da takensa, kiɗan da in an buga ya san da shi ake. Mutum zai gaji liƙis, garma tana neman kuɓuce masa, da ya ji takensa sai ka ga ya zabura kamar yanzu ya iso gonar. Duk waɗannan take a kan Baba suke, shi ma a wajen mahaifinsa ya gada.

Allah bai ba shi ɗa namiji ba, kuma a gidanmu mace ba ta taɓa ganga, ko ƙura ce ta hau ta sai dai a jira namiji ya kakkaɓe. Hannuna aka hana, amma ba wanda ya toshe mini kunne, don haka na tashi da taken kowa a kaina. Da na yi aure a Kazaure na buɗe ɗan shagon buga takardu da kayan da wani ofishi ya yi gwanjonsu: tsohuwar kwamfuta mai ƙaton kai, injin gurza takarda, har da wayar tarho da ba wanda ya taya aka ce mu haɗa mu tafi da ita. Masu waƙoƙin biki sukan zo in kwafa musu faifai, a wajensu na koyi yadda ake ɗaukar sauti a yanka a jera shi a kwamfuta. Maigidana kuma mai gyaran rediyo ne, shagonsa yana jikin nawa.

Cikin rani ciwo ya kayar da Baba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An yi asibiti an yi na gida, rai ya tsaya, magana ta dawo a karkace, amma hannun da yake riƙe gula, sandan nan mai lanƙwasa da ake dukan ganga da shi, ya tafi ke nan. Mutumin da in yana zaure sai an ji dariyarsa a bakin rijiya, sai ga shi ya juya wa ƙofa baya yana kallon bango. Ina gidan ranar da Sarkin Noma, abokinsa tun na ƙuruciya, ya zo gaishe shi bayan an yi shuka. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce gayyar gonarsa ta matso, kuma mutane suna maganar a ɗauko wani makaɗi daga wajen Ɓaɓura.

Baba ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Daga ranar ya rage cin abinci.

Na san abin da yake cinsa. Idan baƙo ya zo ya zauna da dattawa suka koya masa taken mutanen gari, ya buga a gaban jama'a, ganga ta bar gidanmu ke nan, kuma Baba yana raye yana ji daga ɗaki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi Sarkin Noma har zaure na durƙusa na ce, "Baba Sarki, don Allah a dakata da aika wa mutumin nan." Ya tambaye ni wa zai yi kiɗan. Na ce mai yi zai yi. Wallahi a lokacin ban san ta yadda za a yi ba, bakina ne kawai ya riga ni.

Muka kwaso kayan shago a bayan a-kori-kura muka kawo ƙauye. Maigidana ya farke kan wayar tarhon nan ya mayar da shi makirfo, ya jona akwatin ajiye wutar kwamfuta da batirin babbar mota. Abin da nake so shi ne muryar gangar Baba ta shiga kwamfuta: dukan tsakiya daban, na gefe daban, na yatsu daban. Da yake ni ba ni da izinin taɓa gangar, maigidana ne ya sauko da ita tsakar gida yana noƙe-noƙe, don kunyar suruki ba ta bar shi ya sake ba. Bawan Allahn nan zai gane ciwon rediyo daga nesa, amma a kiɗa ba shi da rabo ko kaɗan. Yana dukanta kamar mai kakkaɓe katifa.

Can sai muka ji murya daga ɗaki. Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata, ki gaya wa mijin naki, idan laifi gangar ta yi masa ya yi haƙuri. Fata ta sha sanyi, a sa ta a rana tukuna." Mahaifiyata tana bakin murhu ta saki muciya ta rufe baki. Tun da ya kwanta bai yi magana mai tsawon wannan ba. Aka shanya ganga, aka fito da Baba inuwa, ya dinga sa maigidana yana maimaita duka ɗaya har sai ya yi masa, yana yi yana tsaki.

Na koma Kazaure na duƙufa. Na jera taken kowa ɗaya bayan ɗaya, na daidaita su tsaf, ba inda kiɗan ya yi tuntuɓe. Nufina a ɗora Baba a amalanke ya danna maɓalli guda, kiɗa ya tashi, a ce dai shi ne a wurin. Na kawo na kunna masa ina jiran yabo. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ba shakka muryar gangarsa ce. Sannan ya ce, "Amma wa yake kallon manoman? Idan suka shiga wajen tsakuwa, wannan abin zai sassauta musu? Idan mutum ya fita shan ruwa, takensa za a yi ta bugawa yana bakin tulu? Ki ba Sarkin Noma kaset ɗin kawai, ba sai an wahalar da shanu da ni ba."

Na ji zafin maganar, don na sha wahala a kan aikin. Na fita bayan gida na yi kukana na share fuska, na dawo na ce da maigidana ya miƙo mini kibod, wato allon maɓallan rubutun kwamfuta, wanda muke ajiye da shi na ko-ta-kwana. Na sa wuƙa na ɓamɓare yawancin maɓallansa na bar 'yan kaɗan nesa da juna, na yanka tsohon silifa na manna a kansu don su yi faɗi. Kowanne na ɗaura masa duka ɗaya na gangar. Na ɗora shi a cinyar Baba na ce, "Ga ta nan, kai za ka buga da hannunka." Ya ce shi da bai yi boko da ƙuruciya ba, ba zai zama akawu da furfura ba. Na ce to, na bar masa shi a wurin na yi tafiyata madafi. Ban daɗe ba na ji ganga ta ce dum a lasifika, aka yi shiru, aka sake.

Sai dai wata matsalar ta ɓullo wadda ba wanda ya hango ta. A gangar noma hannun dama ne yake jan kiɗa da gula, na hagu yatsu ne kawai, yana cike tsakani yana amsawa. Hannun hagun Baba tun yana yaro amsawa ya sani. Duk yadda ya so ya ja kiɗan da shi sai ya tsaya jiran ɗan'uwansa, ya shigo a makare. Ya gwada, ya sake gwadawa, gumi yana zuba, taken Sarkin Noma da yake bugawa ko cikin barci ya ƙi fita. Na ga ya kalli hannun daman da ke kwance a kan cinyarsa, ya sa na hagun zai ture kibod ɗin.

Ban yi shawara da kowa ba. Na zauna a damansa na ɗora yatsuna a kan maɓallan gula na buga farkon taken. Kafin in kai ƙarshe hannunsa ya faɗo daidai inda ya kamata, kamar dama ni yake jira. Muka kai ƙarshe muka sake ɗaukowa. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Wa ya koya miki?" Na ce, "Wanda ya hana ni barcin safe tun ina goye." Daga nan kullum da hantsi muna inuwa muna yi. Muka yi yarjejeniya: shi zai kalli gona, ya sa mini sauri ko sassauci da dukan ƙafarsa ta hagu, ya faɗa mini wanda za a kira, ni kuma idona a kan maɓalli.

Ranar gayya aka shimfiɗa tabarma a amalanke, aka ɗaure kwamfuta da igiya, aka kafa mata laima, lasifikar taro tana gaba a kan sanda. Aka ɗora Baba, na gyara mayafina na hau kusa da shi. Nan fa aka fara ƙus-ƙus. Wani dattijo ya fito fili ya ce shi tun da yake bai taɓa noma da kiɗan mace ba, kuma ba zai fara bana ba. Wasu suka jingine garemaninsu. Na ƙudura a raina cewa sai dai a sauke ni da ƙarfi. Sarkin Noma ya zagayo ya leƙa amalanken, ya ɗaga kibod ɗin ya juya shi, ya ce da dattijon, "Malam, kai ka ga ganga a nan? Ni dai injin ofis na gani, kuma aikinta ne, har takardar filinka ita ta buga maka da shi. Mai kiɗa ga shi nan zaune. A kama aiki rana tana yi."

Aka ja layi, kowa ya kama kunyarsa. Ƙafar Baba ta fara dukan katako, na bi ta. Da ganga ta tashi a lasifika sai da shanun suka zabura, maigidana ya riƙe su da ƙyar. Manoma suka ɗago suka kalli juna, suka sunkuya, garemani suka fara faɗuwa tare. Muna biye da su a hankali. Da aka isa gindin dutse inda ƙasa take da tsakuwa na ji ƙafarsa ta lafa, na lafa. Da aka fita wajen yashi ya ƙara wuta har yatsuna suka fara zafi. Lokaci zuwa lokaci sai ya ce, "Mai jar hula," ko "Na ƙarshen can," in ɗauko taken, ya amsa.

Rana ta take, sai na ji ya ce, "Na tsakiya, ya fara ja da baya." Na saci kallo, ashe dattijon nan ne da ya ce ba zai yi noma da kiɗana ba. An bar shi a baya, bayansa ya ƙi miƙewa. Gaskiya raina ya so in yi kamar ban ji ba. Baba ya taka ƙafata ya ce, "Buga masa." Na buga, na kuma buga shi da kyau. Tsohon ya tsaya cak, ya cire hula ya cusa a aljihu, ya yi kururuwa ya kama garma. Kafin a kai bakin gona ya cim ma na gaba, matan da suka kawo fura suna ta guɗa. Na waiga na ga Baba yana dariya da rabin bakinsa, hawaye yana bin gemunsa, hannun kuma bai fasa ba.

Kafin la'asar an gama gonar. Al'ada ce idan an tashi, mai gona ya zo ya kama hannun makaɗi a gaban jama'a ya yi masa godiya. Sarkin Noma ya taho da ƙasa har gwiwa, ya miƙa hannu wajen daman Baba kamar yadda ya saba shekara da shekaru, sai ya tuna, ya tsaya da hannu a miƙe. Baba ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ga hannun daman nan, yi masa godiyar." Ba a musabaha da matar aure, don haka Sarkin Noma ya dunƙule hannu ya ɗaga ya yi mini jinjina, manoman da ke bayansa suka ɗaga nasu. Na ja mayafi na rufe fuskata, don kukan ya riga ya ƙwace mini.

Ba a aika Ɓaɓura ba, a wannan shekarar ko a waɗanda suka biyo baya, har Allah ya karɓi ran Baba yana makaɗin garinsu.

Abin da na koya shi ne, idan ciwo ko tsufa ya kayar da mutum, mu masu ƙaunarsa saurin karɓe masa aiki muke yi, mu gama masa komai mu ce ya huta, muna ganin gata muka yi masa. Ni ma da farko haka na so in yi, in ba shi maɓalli ɗaya ya danna. Ashe hutun ne yake kashe shi. Tun daga lokacin, duk wanda na ga ya raunana a cikin nawa, ba na fara tambayar abin da ya rasa. Sai in duba abin da ya rage masa, in matso kusa in zauna ta ɓangaren da ya mutu.