Zari-Ruga a Idon Iya

Kaka ce, kuma shekarar ta yi albarka. Ruwa ya sauka a kan kari, ya ɗauke a kan kari. Gero ya yi, dawa ta yi, har riɗin da ba a sa masa rai ba ya ba da mamaki. Ko a cikin Dutse, inda da yawa albashi suke jira ba gona ba, sai ka ga fuskoki a sake. Duk kwanar da ka sha ƙamshin dafaffiyar gyaɗa ne, sabuwar tona, mai sauran ƙasa a jikin ɓawo. Ni kuwa wannan ƙamshi bai taɓa barina a inda nake ba. Da ya buge ni sai in gan ni a ƙauyenmu, can bayan Aujara, ina yarinya, zani a ƙirji, ƙafa ba takalmi.

A hannun kakata na tashi, ta wajen uwa. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka tun da aka kai ni yaye ban dawo ba sai da ziyara. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunana ba. In tana son ruwa sai ta ce, "Wata ta miƙo min moɗa," alhali ni kaɗai ce a tsakar gidan. Ba ta yabona, ba ta shigar mini faɗa, in ana maganata sai ta tashi ta ba da wuri. Yaran yanzu in na ba su labari sai su ce ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ke nan. Ai na san inda take binne mini tsoka a ƙarƙashin tuwo.

In an gama girbi, aka ɗaure damma, aka cika rumbu, to lokacinmu ya yi. Da an idar da magariba mu 'yan mata mu taru a dandali mu yi gaɗa. Ga wanda bai sani ba, jeruwa ake yi kamar baka, ana tafi ana waƙa. Sai ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juya mana baya, ta saki jikinta gaba ɗaya ta faɗo. Mu kuma mu tare ta, mu cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta ta koma layi. Ba a waiwaye. Wadda ta waiwaya don ta ga ko an tara hannu, an dinga yi mata dariya ke nan har wata kakar.

Ni ba ni da tsayi, ba ni da kyan rawa, amma ina da ƙashi. Kullum a tsakiyar masu tarewa ake sa ni, abin yana ci mini rai, don wadda aka cilla ita ake kallo. Wata rana na koma gida ina ƙunƙuni. Kakata tana ɓare gyaɗa a bakin ɗaki, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kowace mara nauyi tana tashi sama. Je ki tambaya a garin nan wa ake tunawa." Sai ta nuna da haɓa wajen gidan da ke bakin rijiya. Ta ce matar gidan nan, a zamanin 'yanmatancinta, har daga wajen Buji ake zuwa gaɗa in an ji tana dandali, don ba a taɓa jin wata ta taɓa ƙasa a hannunta ba.

Allah da ikonsa, ɗan matar nan na aura. Ita ce Iya, surukata. Aiki ya kawo maigidan Dutse, muka tare a nan, a nan kuma na shiga makarantar yaƙi da jahilci da goyo a bayana. Da na haifi ta fari, mace, aka kai ta yaye wajen Iya, ta zauna can har ta isa shiga sakandare. Ta zama 'yar ɗakin Iya, abokiyar tsokanarta. Ni kuma na bi sawun mahaifiyata. Ba na kama sunanta, ko a takardar nan ba zan kama ba.

A makaranta ta haɗu da wani wasa. Ta dawo hutu da wata ƙwallo mai tsawo kamar gwanda, in ta faɗi ƙasa ba ka sanin inda za ta nufa. Ta ce sunansa zari-ruga: a hannu ake ɗauka a ruga, ba a miƙa wa na gaba sai na baya, wanda ya kai ta bayan layin abokan karawa ya dangwarar ya ci. Ubanta ya ce ƙuruciya ce, za ta bari. Ba ta bari ba. Ta tafi da shi har babbar makaranta, da dogon wandonta da ɗankwalinta ɗaure tamau. In ta zo gida tana ba ƙannenta labari, tana nuna musu wasan a waya, ina daga madafi ina ji ina leƙe. Ta ce matan da suka fara wasan nan a ƙasarmu ba su tarar da komai a shimfiɗe ba. Filin aro, takalmin aro, sai maza sun gama a ba su wuri, masu wucewa suna tsayawa kallo suna dariya. Suka daure, na gaba tana jan ta baya, har aka wayi gari akwai ƙungiyar mata ta ƙasa, masu sa kore da fari, ana buga musu taken ƙasa suna tsaye. In tana faɗin haka muryarta takan canza, ni kuma sai in ga na daina tankaɗen da nake yi.

To a wannan kakar aka kira ta cikin ƙungiyar.

Maigidan ya juya hularsa, ya ce shi ba shi da ta cewa, yarinya ta Iya ce. In Iya ta sa albarka, ta tafi. In ta hana, magana ta mutu. Muka hau motar Aujara mu uku.

Muka tarar da Iya a gindin darbejiya tana tsinkar zoɓo. Aka gaisa, aka sha fura. Yarinyar ta durƙusa ta yi bayani, ta ciro waya ta nuna mata wasan. Iya ta kai wayar dab da hancinta. Abin da ya fara fitowa kuwa, wata ce ta rungumo ƙafafun wata suka zube.

"Ikon Allah," in ji Iya. "Me ta yi mata?"

"Ba faɗa ba ne, tsohuwa. Wasan ke nan."

"Tsohuwa tana gidanku. Wasa? Kishi dai ake yi a kan gwandar nan. A saya wa kowa tata mana."

Yarinyar ta yi dariya, amma Iya ba ta yi ba. Ta ajiye wayar a kan tabarma ta ce, "Ƙawata, ban raine ki don a kai ki wata ƙasa a dinga kayar da ke kamar buhun ƙaiƙayi ba. Wurin da kowa ke neman ya ga ɗan'uwansa a ƙasa ba wurin zuwa ba ne." Maigidan ya sunkuyar da kai. Na ga idon yarinyar ya kawo ruwa.

Ka dubi inda nake. Gabana surukata, wadda ban taɓa haɗa ido da ita ba. Gefena 'yar fari, wadda ba a san uwa da yi wa roƙo ba. In na buɗe baki na zubar da mutuncina da na gidanmu. In na yi shiru, shi ke nan, an gama. Na tashi na ɗauki tsintsiya kamar zan share ɓawon zoɓo, na juya musu baya, na fuskanci danga. Sai na ce da dangar, a hankali, "Da wata za ta kai hoton can wajen da ake ɗaga mutum."

Na ci gaba da shara. Ban waiwaya ba. Can na ji yarinyar tana latsa waya, ta ce, "Iya, duba nan. In ƙwallo ta fita fili, jeruwa muke yi a jefo ta sama. Mu biyu sai mu ɗaga ɗaya ta cafko."

Sai Iya ta ce, "Maimaita." Aka maimaita.

"Ita ta saman, tana duba ƙasa?"

"Ina. Ƙwallo take kallo."

"Ke a ina kike?"

"Ni ce ta baya. Ni nake riƙe ta har ta sauka."

Iya ta ɗago kai daga wayar. Da ta yi magana, ba da yarinyar ta fara ba. Ta ce, "Dangar gidan nan ta fara baki, Allah Ya sa alheri." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ta ce da yarinyar, "Sau ɗaya na ba ki. Zan zo birni in gani da idona. In na ga kin saki 'yar mutane ta sha ƙasa, ko na ga duka ne kawai ba riƙo, ki tattaro gwandarki ki dawo."

Ranar wasan Iya ta iso Dutse tun hantsi, da ƙullin gyaɗa da sandarta. Da wata ƙasa za a kara, a can wajensu, bayan azahar, mu sai dai mu kalla a waya. Maƙwabciyata, malamar firamare, ita ta jingina waya a jikin tulu, matan layinmu suka cika tabarmi. Maigidan ya ce shi majalisa za shi, amma duk wasan ina hango gefen rigarsa a bakin soro. Ni ma na ɗauki faranti na zauna a ƙofar madafi ina tsintar shinkafar da na riga na tsince.

Iya ce ta fara gano ta. "Ga ta can, mai tafiyar agwagwa irin ta ubanta." Matan suka kwashe da dariya. Da aka buga taken ƙasa, na saci kallo sau ɗaya. Suna jere kafaɗa da kafaɗa, wata baƙa wata fara, wata da ɗankwali wata da kitso a buɗe, kowace daga nata yankin, ga tawa a cikinsu ta dafe ƙirji. Na mayar da idona kan shinkafa.

Wasan bai zo da sauƙi ba. Abokan karawar manya ne, suka fara ci. Duk kayarwar da aka yi sai Iya ta ja tsaki, ni kuma na san lissafi take yi. Aka dawo daga hutun rabin lokaci namu suka rama, aka yi ta ja-in-ja, malama tana fassara mana abin da mai sharhi ke faɗi. Can wajen ƙarshe ƙwallo ta fita kusa da layin abokan karawa. Aka jeru. Iya ta miƙa hannu ta ce kowa ya yi mata shiru.

Aka jefo. Namu suka ɗaga wata siririya, ta tashi kamar balbela ta cafke. Tana sama aka bangaje su, ta gaban ta zame ta faɗi, siririyar ta karkato da ka. Farantin ya kufce mini. Tawa ba ta saki ba. Ta durƙusa da gwiwa ɗaya, ta tallabe ta a ƙirji, ta dire ta a kan ƙafafunta, ƙwallo tana hannu. Sauran suka taru a bayansu suka yi ta turawa, taku bayan taku, har suka zube a bayan layi. Alƙaliya ta ɗaga hannu, alamar an ci. Ba a daɗe ba aka tashi, namu ne a sama.

Malama ta rangaɗa guɗa. Maigidan ya manta yana majalisa, sai ga shi a tsakar gida ba hula. Iya kuwa ta zauna daram, tana gyara bakin mayafi, kamar ita ta shirya komai.

Da yamma yarinyar ta kira, muryarta a dishe. Iya ta karɓa ta ce, "Ƙawata, gwiwar fa?"

"Ta ɗan kuje, Iya. In dawo da gwandar ne?"

"Ki dawo ki yi min me? Zauna inda kike. Allah Ya yi miki albarka, ke da su duka. Amma ƙafarki ta hagu kina makara da ita, ki gyara. Ita kuma siririyar nan, ba a ba ta abinci ne? Ki taho min da ita ta sha fura."

Sai aka miƙo mini wayar, ido duk a kaina. Na ce, "To. An ci abinci dai ko?" Ta ce an ci. Na ce a dinga addu'a, na mayar.

Yanzu dandalin ƙauyenmu shaguna ne, 'yan mata ba su san gaɗa ba sai a baki. Da can abin yana damuna. Yanzu in na ga yaran layinmu mata suna guje-guje da kwalbar roba a hammata, ɗaya tana ce wa ɗaya ta miƙo baya, sai in matsa musu su wuce.

Washegari da na idar da asuba na jiƙa wake kwano guda, na surfa, na kai markaɗe da kaina. Na soya ƙosai, na dama kunun tsamiya, na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya. Malama ta karɓi nata tana murmushi ta ce, "Maman yara, wannan sadakar ta mece ce?"

Na ce, "Wake ne ya yi mini yawa."

Ta bi ni da dariya har ƙofa. Na gyara ɗaukar kwanona na shiga gida na gaba.