Farantin da Yaya Ta Ƙi Wankewa

Yayata ta yi shekara talatin tana wanke kwalabe da ƙananan farantan gilashi a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Ba ta taɓa tambayar abin da ke cikinsu ba. Ta zuba ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ta goge, ta kife.

Sai autarta ta kamu da ciwon fata. Likita ya yanki 'yar ƙaramar fata a damtsenta don bincike. Yarinyar ta rasu, muka binne ta. Fatar ba ta mutu ba. Tana cikin faranti a akwatin ɗumi, ana ba ta wani jan ruwa, tana yaɗuwa.

Mai Tabarau, ma'aikacin da ke kula da akwatin, ya yi wautar nuna wa Yaya a madubin ƙara girma. Ƙwayoyin fatar sun jeru sun murɗa, sak murɗin gashin tsakar kan yarinyar, wanda ke hana kitsonta zama.

"Ita ce," in ji Yaya.

"Haba Inna! Matsatsi ne. Wannan ta ja, waccan ta tura, sai su murɗe. Ko na akuya haka yake yi."

"Akuyar gidanku. Ni na haife ta ko kai?"

Bayan wata biyu aka gama binciken, farantin ya zo tirenta da jan layi a murfi, wato a wanke. Ta soke shi cikin rigarta ta taho gida, don ta san ɗumin jiki yake so. Kwana huɗu tana yawo da shi a ƙirji. Na ce, "Yaya, gawa ba ta jin sanyi." Ta ce in rufe mata baki.

An sha gaya mata ba a buɗe murfin. Amma ita ba ta iya yi wa 'yarta magana ta bayan murfi ba. Kullum da hantsi sai ta buɗe ta yi raɗa a ciki. Numfashinta ya kai ƙwayoyin cuta ciki. Jan ruwan ya koma rawaya, ya yi wari.

Da hannunta ta wanke shi, yadda ta wanke dubbai. Murɗin bai fita daga gilashin ba. Na sa soso na gwada, har sau biyu.

Yaya ta rasu bara. Farantin yana kan tagata, kuma ba na buɗe shi.