Dattijo Mai Rediyo Biyu

A kasuwar Gummi, Namadi mai gyaran rediyo yana kallon wani dogon dattijo makiyayi da bai taɓa gani ba, yana kwance rediyo biyu daga cikin tsumma. Ɗaya sabuwa ce, a ƙasa ya ajiye ta. Tsohuwar kuwa, wadda aka ɗaure da roba, rungume take a ƙirjinsa.

"Ɗana ya aiko wagga daga Turai, wai ta dijital ce, amma ba ta magana," in ji dattijon. "Tsohuwar ma ta koma shuuu."

"Baba, dijital iri-iri ce," in ji Namadi. "Sabuwar ba ta kama gajeren zango. Shuuu ɗin tsohuwar kuwa tasha guda ce ta sauya wuri. Murɗa gaba kaɗan."

Dattijon yana murɗawa a hankali, kunnensa manne da ita. Namadi yana zaton ita kaɗai ce abokiyar hirarsa a ruga. Sai ga muryar mai labarai tangaram, da Hausa.

Dattijon ya ɗaga ta sama don 'yan kasuwa su ji, yana dariya da sauran haƙoransa.

"Ashe da ranta. Ni da ita sai mutuwa."