Turaren da Na Yi wa Madam

A shekarata ta shida ina tuƙi a Riyad, kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya haɗa ni da wata Baturiya mawaƙiya, ya ce ni zan riƙa kai ta ina ɗauko ta. Ta haura hamsin. Opera take yi, wasan kwaikwayon da ake rerawa maimakon magana. Muryarta wai mezo ake ce mata, ba siririya ba, mai ɗan kauri, kamar ta zabiyar da ta manyanta. Gwaji aka gayyato ta, in ta ci a ba ta babban matsayi a wani wasa. Da guntun Larabcinta ta gaya mini shekara uku ke nan ba wanda ya neme ta.

Dokarta ɗaya ce: ba a kunna mukayyif, na'urar sanyin mota, wai yana busar da maƙogwaro. A Riyad fa! Tun daga unguwar Shifa har tsakiyar gari ina jiƙewa sharkaf, ita kuwa tana baya da gyale a wuya tana kurɓar ruwan ɗumi. Da farko na ce wannan mata ta iya wahalar da bawan Allah. Amma ran da ta saki murya a motar sai da tsigar jikina ta tashi. Ban gane kalma ko ɗaya ba, uwata kawai na tuna.

Ranar gwajin na ce bari in karrama ta yadda muke yi a gida. Na wanke mota da sassafe, na ɗebo turaren wutar da matata ta aiko mini daga Damagaram, na zuba a kasko, na rufe gilasai har kujeru suka ƙoshi da hayaƙi. Wauta ke nan, ina ta murna abina.

Tana shiga ta fara tari. Ta sauke gilashi ta toshe hanci da gyalen. Lokaci ya ƙure, ba halin neman wata mota.

Daga bakin ƙofar zauren gwajin nake jiyo ta. Ta fara lafiya lau. Da ta zo hawa sama sai muryar ta tsage. Ta sake ɗauka, ta sake tsagewa, mai kaɗa mata fiyano ya tsaya. Wata yarinya aka ba wa matsayin.

Bayan kwana biyu na ɗauke ta zuwa filin jirgi. Na yi ta ba ta haƙuri. Ta ce ba turarena ba ne, muryar ta daɗe da fara tafiya. Ko gaskiya ta faɗa ko tausayina ta ji, har yau ban sani ba, kuma abin yana ci mini rai.

Mun yi nisa a hanya sai na ga ta madubi tana warware gyalen daga wuyanta. Ta ninke shi ta tura cikin jaka.

"Ya Hajji, kunna mukayyif," in ji ta. "Zafi ya dame ni."

Na kunna, na kafa ido a titi don kada ta ga fuskata.