Tanki na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Arlo Hegstad ya yi yana shayar da jiragen ruwa a garinmu. Idan jirgin 'yan yawon buɗe ido ya jingina da gaɓa, shi ne zai jawo tiyo mai kaurin cinyar ƙato, ya haɗa bakinsa da cikin jirgin, ya murɗa famfo, ya koma gefe ya tsaya. Daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba haka yake yi kullum da safe, ana ruwa ko ba a yi. A nan kudancin Alaska kuwa, ranar da ba a yi ruwan sama ba ita ake ba da labari.

Dogon mutum ne mai ɗan doro, yana magana a hankali kamar mai gudun tayar da jariri. Ruwan da yake ba jiragen daga wani tafki yake gangarowa, can saman dutsen da ke bayan gari, inda gajimare ke kwana a kan bishiyoyi. Tun yana yaro yake hawa wajen, kuma ya ce bai taɓa samun tafkin da fuska iri ɗaya sau biyu ba. Kafin ya haɗa tiyo sai ya bar ruwan ya zuba na ɗan lokaci, sannan ya tara tafin hannu ya kurɓa, ya lumshe ido. A Mayu, in ji shi, ruwan yana da ɗanɗanon ƙanƙarar da ta narke jiya. A Agusta yana ɗauke da ƙamshin ganyen da ya faɗa cikinsa. Mu dai ruwa muke ji.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai duk tsawon shekarun nan. Ruwansa yana wanke zanen gado, yana wanke kwanuka da daɓen jirgi, amma ba ya shiga bakin kowa. Fasinjoji daga gorar roba suke sha, wadda aka ciko a wata ƙasa mai nisa, aka jibge a cikin jirgin dubbai. Sai su sauko riƙe da ita, su wuce ta gefen tiyonsa, wasu ma su tsallake shi.

Yayarsa Marit tana da shago daf da tashar, kuma har da ruwan roba take sayarwa. Ta girme shi da shekara huɗu, kuma har yau da yake da sittin da huɗu Auta take kiransa.

"Auta, wai me ke damunka ne? Ai suna shan ruwan naka. Da me kake tsammani ake dafa musu shayi?"

"Wannan ba sha ba ne, Yaya. An tafasa shi. An kashe shi."

"An kashe shi! Ku ji mini. To mu je mu yi masa jana'iza."

"Ke ba za ki gane ba. Kin saba sayar da ruwan da ya kwana wata shida a roba."

"Ba shi ya sai mini shagon nan da kake gani ba? Matsa mini daga ƙofa, kana ɗiga a kan tabarmata."

A bazarar da zai ajiye aiki ne labari ya sauya. Akwai wani farin jirgi mai hawa goma sha biyu da ke zuwa mana duk ranar Laraba, kuma mai kula da tankunan ruwansa wani mutumin Filifin ne, Dionisio, wanda kowa ke kira Diyoni. Shekara tara suna gaisawa da Arlo ta wata 'yar ƙofar ƙarfe a gefen jirgin, ɗaya a ciki ɗaya a waje, tiyo a tsakaninsu. Larabar farko ta Mayu, Diyoni ya leƙo yana dariya tun kafin a gama ɗaure igiya.

"Tsoho! Kana nan da rai? Har na rantse wa kaina, na ce sanyin bana zai tafi da kai."

"Ya zo, ya ga ba nama, ya wuce. Yaya iyali?"

"Suna can suna cinye ni. Kai, tsaya ka ji. An kori roba daga jirgin nan."

"An kori wa?"

"Gorar roba. Babu ko ɗaya. Kamfani ya ce ta isa haka. Yanzu kowane fasinja ana ba shi gorar ƙarfe ranar da ya shigo, shuɗiya, da sunansa a jiki. An kafa famfo a kowane hawa. Mai ƙishirwa ya je ya tara."

Arlo ya matso bakin ƙofar. Sannan ya tambaya, da muryar da ta fi ta kullum ƙanƙanta, "Famfon daga ina yake sha?"

"Daga tankunana mana. Daga ina kuma?"

Waɗanda suka gan shi ranar sun ce ya manta bai rufe famfo ba sai da Diyoni ya buga masa ƙarfe sau uku. Yana tsaye, ruwan sama na bin hularsa, idonsa a kan tagogin jirgin. Da yamma ya shiga shagon Marit ya zauna a kan kwali, abin da bai saba ba.

"Yaya, kin san inda mutanen nan suke komawa? Wani Teksas, wani Japan, wani ƙasar da ko sunanta ban iya faɗa ba. Mutum zai sha a nan, ya hau jirgin sama, ya sauka a garinsu da tafkinmu a jikinsa. Wata mata za ta yi kuka a bikin ɗanta, hawayen nan dusar ƙanƙarar dutsenmu ce. Wani zai yi gumi a gonarsa a inda ba a taɓa ganin ƙanƙara ba..."

"Wani kuma zai shiga bayi tun kafin su fita daga mashigin teku."

"Yaya."

"To, yi haƙuri. Ci gaba da mafarkinka. Amma tashi daga kan kwalin nan, ƙwai ne a ciki."

Daga ranar ya sa ido. Duk Laraba idan ya haɗa tiyo, sai ya juya ya fuskanci matakalar da fasinjoji ke saukowa, yana bin shuɗayen gororin da kallo. Bai nemi komai ba illa ya ga mutum ɗaya, baƙo daga nesa, ya buɗe murfi ya sha ruwan tafkin a gabansa kafin ya miƙa makullin famfo a ƙarshen Satumba. Ya kuwa ga masu sha da yawa. Sati uku ya yi yana tafiya kamar wanda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Sai a na huɗu ya gaya wa Diyoni.

Diyoni ya sosa ƙeya. "Tsoho, ban so in ɓata maka ba. Wancan ba naka ba ne."

"Na wa ne?"

"Rabi na tashar da muka taso, rabi wanda injinmu ya tace daga teku. Naka tanki na huɗu yake shiga, kuma doka ta ce sai ya kwana an gwada shi kafin a buɗe. Lokacin mun yi nisa. Kafin mu zagayo wata Larabar an shanye shi tas."

"Wato ana sha."

"Ana sha sosai. Har wata tsohuwa ta tambaye ni ko sukari muke sawa."

"Amma ba a nan ba."

"Ba a nan ba."

"In shigo in bi ku, to."

"Da wace takarda? Ko ni da na shekara tara a ciki sai na nuna kati kafin in shiga ɗakina."

Haka Yuni da Yuli suka wuce, Agusta ma ta wuce. Arlo bai fasa aikinsa ba, bai kuma sake maganar ba. Sai dai ya koma hawa dutsen ranar Lahadi, duk da gwiwarsa, ya zauna a bakin tafkin har gajimare ya sauko ya rufe shi. Ya taɓa ce mini idan ya zauna a can yakan ji kamar jirgin yana wucewa a ƙarƙashin ruwan, fitilunsa a kunne, mutane a jere a gaban famfo kowa da gorarsa, shi kuma yana leƙensu daga sama amma fuskokinsu ba sa fitowa.

Larabar da ya rage wa jirgin saura zuwa ɗaya, Diyoni ya jira sai da tanki ya cika, sannan ya kira shi da hannu.

"Na yi magana da babban injiniya. Na ce masa akwai wani tsoho mai taurin kai da zai ajiye aiki. Wannan da ka zuba yau ba za mu taɓa shi ba. Zan rufe na huɗu, in riƙa gwada shi kullum, sai Laraba da asuba in buɗe shi shi kaɗai. Duk gorar da ta sauko maka ranar, naka ne a ciki. Ba gauraye."

"Ya yarda?"

"Ya ce in dai gwaji ya yi kyau, ba ruwansa da haukanmu. Kai dai ka sa riga mai kyau, kada ka ba ni kunya."

Ranar ta zo da irin ruwan ƙarshen Satumba, mai faɗowa a karkace, da iska mai shiga ƙashi. Jirgin ya fito daga cikin gajimare a hankali, samansa a ɓoye, kamar wani gari ne ya tsinke yana yawo a kan teku. Arlo ya sa rigar da yake zuwa coci da ita a ƙarƙashin rigar ruwa. Ya haɗa tiyo. Diyoni ya leƙo, ya ɗaga yatsu huɗu, ya koma.

Fasinjoji suka fara saukowa. Kowa da shuɗiyar gorarsa, wasu a rataye a jaka, wasu a aljihun riga. Kowa kuma ya dunƙule cikin lema, kai a ƙasa, yana sauri ya shiga mota ko ya sami inda ake sayar da abu mai zafi. Wa zai ji ƙishirwa a ranar da sama da ƙasa duk ruwa ne? Ɗari suka wuce. Ɗari biyar. Arlo yana tsaye, idonsa na tsalle daga wannan hannu zuwa wancan. Wani mutum ya ciro gorarsa, Arlo ya yi taku ɗaya gaba, ashe gyara mata wuri zai yi a jaka.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya matakalar ta fara yin shiru. Sai ga Marit ta fito daga shago, ta yafa leda a ka, tana ɗauke da faranti mai faɗi.

"Auta, riƙe mini lemar nan."

"Mene ne wannan?"

"Bandar kifin da na yi a Yuli, wadda gishiri ya kufce mini. Ko karen maƙwabta ya ƙi ta. Riƙe, na ce, ba kallo na ce ka yi ba."

Ta tsaya daidai gindin matakala, ta buɗe murya kamar mai shekara ashirin. "Kyauta ne, jama'a! Kifin garinmu, bandar gida! Ɗanɗana, 'yar uwa, ba a biya. Kai mai jar hula, ɗauki biyu, na ga ba a ba ka abinci a jirgin nan. Ranka ya daɗe, kada ka koma gida a ce ka zo Alaska ba ka ci kifi ba!"

Suka taru kuwa. Hannuwa suka fito daga aljihu. Mutum ya jefa yanka a baki, ya tauna, ya gyaɗa kai don kara, sannan idonsa ya ɗan fito. Wani ya yi tari. Wata ta dubi shagon Marit, ta ga an ja ƙofa an rufe.

Wadda ta fara wata dattijuwa ce, gajera, baƙa, mai farin gashi da tabarau duk ɗigon ruwa. Ta miƙa wa mijinta jakarta, ta kwance gorar, ta murɗe murfin. Arlo ya ga maƙogwaronta yana motsi, sau ɗaya, sau biyu, har sau shida. Ta sauke gorar ta yi ajiyar zuciya. A bayanta murafu suka shiga buɗewa, ƙaramar ƙara nan da can, har mai jar hula ya ɗaga tasa sama ya ƙarasa ta.

Arlo ya matsa kusa da dattijuwar, lemar a hannunsa.

"Baiwar Allah, yaya kika ji shi?"

"Kifin? Ɗana, matar nan tana son kashe mu."

"Ruwan."

Ta dubi gorar kamar yanzu ta fara ganinta. Ta sake kurɓa kaɗan, ta riƙe shi a baki kafin ta haɗiye. "Da sanyi," in ji ta. "Irin na rijiyar kakata ne a Jojiya. Na manta ruwa yana da ɗanɗano." Ta rufe murfin, ta kama hannun mijinta, suka bi sauran zuwa mota.

Arlo ya bi su da kallo har motar ta sha kwana. Bai lura lemar ta karkace ba, ruwa yana zuba kai tsaye a kan yayarsa da sauran kifinta.

"Jojiya," ya ce a hankali. "Yaya, ina ne Jojiya? Da nisa?"

"Da nisa, Auta. Can ƙarshen ƙasa, inda ake zafi." Marit ta share fuskarta da gefen leda. "Yanzu je ka rufe famfonka, mutumin can ya kusa fasa jirgin da bugu. In ka gama ka zo ka ci abin da ya rage, don wallahi ba zan zubar ba."